Geron da Bai Shiga Taswira Ba

Bana ruwa ya ɗauke mana a daidai lokacin da gero ya fara ciki. Da safe idan zan tafi makarantar da nake koyarwa a nan Dutsin-Ma, ta gefen gonakin bakin titi nake bi, in ga ganye ya naɗe kamar an murza shi da hannu. Da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta taso ta kwashe shi. Mutane sun fara maganar fita roƙon ruwa. Ni kuwa duk lokacin da sama ta yi irin wannan rowa, wata damina ce take dawo mani, ta shekarun baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta. Ita ce shekarar da na zo gida da kular ƙanƙara da almakashi, na ce wa mutanen gidanmu zan gano abin da ke hana gero mutuwa.

Ƙauyenmu yana bayan Tamawa a ƙasar Kurfi. Sai an bar titi an bi hanyar ƙasa, an ƙetare wata ƙorama mai yashi kafin a kai. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, yayana Isuhu ya karɓi gona da gida da Inna da ni gaba ɗaya. Shi bai wuce makarantar allo ba, amma shi ya tsaya har na gama jami'a, har Allah ya sa na samu gurbin ƙarin karatu a wata cibiyar bincike a ƙasar Turawa. Duk inda ya zauna a kasuwar Kurfi sai ya kawo zancena, har mutane suka riƙa tsokanarsa da cewa ko shi ne zai karɓi digirin.

Aikin da aka ba ni a can ba shi da wuyar faɗi. Kowane ganye cike yake da ƙananan sinadarai da ake kira furotin, kuma babu wanda yake aiki shi kaɗai: wannan ya kama wancan, wancan ya tada wani, a haka tsiro yake numfashi, yake girma, yake jure ƙishi. Idan ka san wa ke kama wa, sai ka zana taswira, kowane furotin ɗigo, kowace alaƙa layi. Ɗigon da layuka suka fi yi wa yawa shi ake ɗauka jigo, a ce idan aka same shi an samu bakin zaren. Farfesar da nake ƙarƙashinta, wata dattijuwa mai son aikinta, ta yi wa shinkafa da masara irin wannan taswira, tana son ta yi wa gero. Ni ne ɗan ƙasar gero, sai aka turo ni gida in ɗebo samfuri a cikin damina. Da na iso na tarar da fari, ta ce mani a waya wannan sa'a ce ga binciken, don tsiro ba ya nuna abin da yake ɓoyewa sai ya ji ƙishi. Ban faɗa wa kowa a gida ta ce haka ba.

Ruwan farko ya sauka da wuri a shekarar, mai ƙarfi, kowa ya fita da sungumi aka yi shuka. Gero ya tsiro ya yi kyau, sai ruwa ya ɗauke. Shukar ta ƙone a jigawa, aka sake wata da ɗan irin da ya rage. Ita ce ta kama, aka yi noman farko, aka fara maimai, sai ruwa ya sake ɗaukewa, watan azumi kuma ya tsaya. Rumbunanmu a lokacin sun kai ƙasa. Rabi, matar Yaya, takan shiga da tsintsiya da ƙwarya ta sharo abin da ya maƙale a lungu, ta bushe ƙasar, ta dama kunu mai ruwa-ruwa. Da shi ake sahur, da shi ake shan ruwa, sai kwaɗon tafasa ko na rama idan an samu ƙuli. Inna ta daina cin nata kason, tana cewa tsufa ya rage mata ciki, tana tura wa jikoki.

Gayya ba ta tsaya ba duk da haka. Ana idar da sallar asuba maza suke fita, yau gonar wannan gobe ta wancan, a yi ta jan fartanya a busasshiyar ƙasa, ba kiɗa, ba fura, ba mai yi wa wani magana. Kafin rana ta take kowa ya nemi gindin tsamiya ko na kuka ya kwanta da riga a fuska. Ƙasar tana ƙona tafin ƙafa. Yawu yakan ƙafe a baki har mutum ya ji harshensa ya yi masa girma. An fita roƙon ruwa a bayan gari, maza da yara, aka juya riguna, liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Muka dawo gida rana tana nan yadda muka bar ta.

A cikin wannan hali nake aikina. An haɗo ni da wani tulun ƙarfe mai ruwan sanyi da ke hayaƙi, wanda duk abin da aka jefa ciki yake daskarewa nan take. Yana da nauyi, ruwan kuma yana ƙarewa idan ana jijjiga shi, don haka na ajiye shi a ɗakin da na kama a Dutsin-Ma. Dokar ita ce daga yanke ganye zuwa jefa shi a tulun kada a daɗe, kuma ya kasance a cikin ƙanƙara duk tsawon hanya, in ba haka ba furotin ɗin ya lalace. Farfesa ta duba taswirar yankin daga ofishinta, ta zaɓi gonakin da ke bakin titi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, inda mota za ta kai ta dawo kafin ƙanƙara ta narke. Na ce mata akwai geronmu na gida, wanda muke ce wa ɗan jigawa, gajere ne mai ƙaramar zangarniya, tun kakanni ake ajiye irinsa, kuma shi kaɗai na gani da sauran kore a duk inda na zaga. Ta ce in ƙara shi idan ƙanƙara za ta kai.

Neman ƙanƙara a watan azumi a garin da wuta ba ta zama, wannan ma wani aiki ne. Mutum guda ne na sani mai janareto da manyan firiza, kuma tun hantsi ake layi a ƙofarsa, kowa na son abin da zai sanyaya ruwan buɗa-baki. Nakan je da sassafe in roƙe shi ya cire mani tun ba ta gama daskarewa ba. Idan na fito da ita mutanen layi sukan bi ni da kallo. Wani tsoho ya taɓa tambayata ko mara lafiya gare ni a gida. Na ce ganye zan sa a ciki. Ya daɗe yana dubana.

Gonakin bakin titi ba su ba ni wahala ba. Masu su sun saba da 'yan aikin gona masu zuwa da mota, wasu ma sun ɗauka taki zan rubuta masu. Na cika tulun da nasu kusan rabi kafin in juya wajen namu.

Matsalar ita ce ba ganye kaɗai ake so ba. Ana son saiwa, ana son ɗan kan geron da ke cikin ciki bai fito ba, wato sai an tumɓuke tsiron gaba ɗaya, kuma masu lafiyar ake so, ba waɗanda suka riga suka sallama ba. Na yi wa Yaya Isuhu bayani a zaure bayan an sha ruwa. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko idan Turawa suka ga abin da ke cikin geronmu za su rubuta sunansa. Na ce za su rubuta. Ya tambaya ko gwamnati za ta ji. Na ce tana iya ji. Ya ce to gobe mu fita.

Inna ta biyo mu gonar, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda ciwon gwiwa. Ta tsaya a kan kunya da sandarta tana kallo Yaya yana zaɓar masu kauri, masu koren ganye, yana sa hannu biyu yana tumɓukewa, ni ina yankawa ina naɗewa ina jefawa a kula. Can ta kira ni da sunan da take kirana.

"Auta, wannan da kuke cirewa mai ciki ne."

Na ce mata kaɗan ne, Inna, ba zai rage komai ba.

"A shekarar ƙoshi kaɗan ne," in ji ta. Ta juya ta kama hanyar gida.

Yaya ya ari babur wajen wani abokinsa, ya ɗaure kular a bayana, muka kama hanya rana tana tsaka. Ban manta wannan tafiya ba. A ƙorama yashi ya riƙe tayar, muka sauka muka tura. Muna fita taya ta yi faci, muka ja babur ɗin har Tamawa kafin mu samu mai gyara. Duk wannan lokaci ƙanƙarar tana narkewa, ruwan yana fita ta gefen murfi yana bin bayana har cikin wando. Jikina yana jin sanyinsa, maƙogwarona kuwa kamar an zuba toka. Yaya ya tara hannu a gindin kular, ya shafa a fuska da wuya, ya matse leɓɓansa gam don kada ɗigo ya shiga. Da muka isa Dutsin-Ma na buɗe, sai na tarar da ganyen yana iyo a ruwa mai ɗumi. Na zubar da shi a bayan ɗaki. Yaya yana tsaye yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne gobe sai mu fita tun da duhu.

Haka muka yi ta yi har azumi ya kusa ƙarewa. Wata rana mu kai da sauran ƙanƙara, wata rana mu kai ruwa. Kowace tafiya kuma sai an sake tumɓuke wasu. Inna ba ta ƙara zuwa gonar ba, ba ta kuma ƙara yi mani maganar ba, amma idan Rabi ta miƙo mani kwanon kunu, ina ganin idonta a kan kwanon.

Ruwa ya dawo bayan Sallah, ya yi ta zuba kamar da gayya, lokacin da ya riga ya makara ga yawancin mutane. Na koma Turai kafin girbi. A waya Yaya ya gaya mani gonakin bakin titi da yawa kara kawai aka samu, namu kuwa ya ba da wani abu, ba mai yawa ba, an dai cire iri an ɗaure 'yan dammuna. Bai kai su ko tsakiyar rani ba. Ya sayar da san huɗa, ya tafi ci-rani kudu a karon farko a rayuwarsa, ya dawo da tarin da har yau bai rabu da shi ba. Na sani, kuma shi ma ya sani, abin da muka tumɓuke bai kai ya cika ko dami biyu ba. Amma Inna har ta koma ga Allah tana lissafa yunwar wannan shekara da kulata. Idan za ta ba da labarin sai ta ce shekarar da aka kai geronmu Turai.

A can kuma aka fara aikin gwaji. Yadda ake gano wa ke kama wa kamar kamun kifi ne da ƙugiya: a ɗauki furotin guda a jefa shi cikin ruwan da aka tatso daga ganye, a jawo, a duba su wa suka maƙale masa. Furotin da ke cikin gero dubbai ne, ba mai iya jefa kowanne. Sai an zaɓa. Farfesa ta zaɓi waɗanda aka riga aka sani daga shinkafa da masara, don su ne ake da kayan kama su a ɗakin gwaji, su ne kuma masu ba da kuɗin bincike suka san sunansu. Akwai guda ɗaya da ta yi shekaru tana aiki a kansa. Shi aka fi jefawa, a ganye, a saiwa, a kai, a kowace gona.

Da taswirar ta fito a kwamfuta kowa ya taru yana kallo. Ta yi kyau ƙwarai. A tsakiya ga wani ƙaton ɗigo, layuka sun fita daga jikinsa ta ko'ina, kuma ba kowa ba ne sai wannan furotin nata. Aka yi murna, aka kawo kek. Ni ma na yi murna a ranar.

Daga baya ne abin ya fara damuna. Na zauna na sake lissafin, na ba kowane furotin adadin jifa daidai da na ɗan'uwansa, na ɗebe rarar da aka yi wa na tsakiyan. Sai ƙaton ɗigon ya motse ya koma kamar sauran. Na sake ta wata hanya, na riƙa cire gonaki ina mayarwa, taswirar tana canza kama duk lokacin da na canza waɗanda na bari. Sannan na tuna abin da na gani da idona: masu gonakin bakin titi kusan duk iri ɗaya suka shuka, wanda aka raba masu shekarun baya, don su ne motar raba iri take kaiwa gare su. Abin da muka rubuta wa suna geron yankin gaba ɗaya, 'ya'yan uba ɗaya ne. Na ɗan jigawa kuwa, ɗan abin da ya tsira daga narkewa, ya nuna wani gungu dabam a gefe, wasu furotin da ba mu da sunansu suna kama juna, shi kuma babban namu kusan ba ya motsi a cikinsu.

Na kai wa Farfesa duk wannan. Ba ta yi fushi ba, ta zauna ta duba sosai. Ta ce lissafina daidai ne, amma kowace taswira a duniya haka ake yin ta, ba wanda ya taɓa jefa ƙugiya duka. Game da ɗan jigawa ta ce samfurin ya yi kaɗan, wasu kuma sun ɗan ji ɗumi a hanya, ba za a iya bambance gaskiya da lalacewa ba, masu tantance takarda za su yi watsi da aikin gaba ɗaya idan aka sa shi. Na ce to a ba ni dama in koma damina mai zuwa da tulu biyu, in kwana a ƙauyen. Ta ce kuɗin aikin ya zo ƙarshe. Na yi ta kawo maganar a kowane taro har wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce in yi hankali, takardar zamana a ƙasar a hannunta take.

An buga aikin. Sunana ne na biyu. A kusa da ƙarshe akwai layi biyu da suka ce a yi hattara, zaɓin gonaki da na furotin yana iya shafar sakamakon. Ni na rubuta su, kuma da ƙyar aka bar su. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya karanta su ba. Hoton taswirar kuwa ya zaga duniya. Sunan ɗan jigawa bai fito ko sau ɗaya ba. Da na dawo gida da digiri, Yaya ya sa aka yanka akuya, ya ce in nuna mashi inda aka rubuta sunansa. Na nuna mashi sunana. Ya sa yatsa a kai ya ce to ai shi ke nan, duk ɗaya ne.

Bayan wasu shekaru, ina koyarwa a nan, wani shiri ya zo na tattara irin gero mai jure fari, a adana shi, a yawaita shi, a raba wa manoma. Suka yi shela cewa duk mai tsohon iri ya kawo Kurfi ranar kasuwa. Yaya ya zaɓi zangarniya mafi kyau daga cikin na iri, ya ɗaure da igiyar rama, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kira ni in raka shi. Sun kafa rumfa da tebur da wata 'yar na'ura. Wani matashin ma'aikaci mai fara'a ya karɓi namu, ya murza 'yan ƙwayoyi, ya yi gwajinsa, muka jira. Da ya dawo ya ce Baba a yi haƙuri, wannan ba ya cikin waɗanda ake nema, alamar jure fari ta yi ƙaranci a jikinsa.

Yaya ya ce mashi wannan geron ya ga farin da ya kashe na kowa. Matashin ya ce ba ya musu, amma su da alama suke aiki, bincike ne na ƙasar waje ya tabbatar da ita. Na tambaye shi wane bincike. Ya faɗi sunan Farfesa daidai. Na ce mashi ni ne na biyu a takardar, kuma alamar ba ta tabbata yadda ake zato ba, ya karɓi irin ko don ajiya. Ya miƙe tsaye ya gaishe ni da girmamawa, ya ce ya ji daɗin ganina, amma Dakta ka san yadda aiki yake, abin da aka rubuto masu daga sama shi suke bi. Na rubuta wa na saman. Ba a ba ni amsa ba.

Yaya ya ɗauki damin geronsa ya ɗaure a bayan babur. Sun ba shi ƙullin sabon iri kyauta, ya karɓa don kada a ce ya yi girman kai. Har muka rabu a bakin titi bai ce mani komai a kan abin ba, sai tambayar yara.

Ya ci gaba da shuka ɗan jigawa a gonarmu ta gado, maƙwabta kuwa ɗaya bayan ɗaya suka koma sabon. Ba zan yi ƙarya ba, sabon yana ba da dami mai yawa a shekarar da ruwa ya wadata kuma aka samu taki. Sai kuma daji ya lalace. Aka fara kwashe shanu, aka koma kwashe mutane, gonakin nesa suka gagari masu su. Wata damina Yaya ya kwaso iyalinsa da abin da babur zai iya ɗauka suka dawo Kurfi, ya kama ɗakuna biyu a gidan wani, ya samu aron wata 'yar gona a bakin titi. Ni a nan Dutsin-Ma na shuka ɗan jigawa a bayan gidana, shi ma ya shuka a tasa. Amma gero ba ya zama shi kaɗai. Idan ya yi bununi iska ce take ɗaukar garin wannan ta kai wa wancan, kuma ko'ina ka juya sabon iri ne. Shekara ta farko ka ga 'yan dogaye a ciki. Ta biyu sun fi yawa. Kafin mu farga abin da muke girba ba namu ba ne, ba kuma nasu ba. Na yi ƙoƙarin rufe kawunan da takarda, tsuntsaye da ruwa suka yayyage. Wanda na ajiye a firjin makaranta ya ruɓe a wani dogon hutu da aka yi ba wuta.

Makonni kaɗan da suka wuce Farfesa ta kira ni. Ta yi ritaya, muryarta ta tsufa. Ta ce wasu matasa sun sake aikin da sababbin na'urori masu iya duba furotin da yawa a lokaci guda ba tare da an zaɓa ba, kuma ɗigon nata ya koma ɗan ƙarami, kamar yadda na ce. Ta faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba, na kuma girmama ta a kan wannan. Ta ce sun tono tsofaffin bayanaina, sun ga gungun nan na gefe, suna ganin wataƙila akwai wani abu a wurin, wataƙila kuma lalacewar hanya ce kawai, ba za a sani ba sai an sake gwadawa. Yanzu akwai kuɗi. Ko zan iya aiko masu da irin, ko da cikin tafin hannu ne?

Na ce zan tambaya.

Ranar Asabar na tafi Kurfi. Na tarar da Yaya a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, yana gyara ƙotar fartanya. Na zauna muka gaisa, na tambayi tari, ya tambayi yara. Sannan na gaya mashi duk yadda muka yi da ita. Ya saurara bai katse ni ba. Na tambaye shi ko akwai wanda ya sani, a Tamawa ko Rawayau ko wani ƙauye, da zai yiwu yana da tsantsarsa. Ya lissafa mutanen da yake tunani: wannan ya rasu, wannan yana Katsina yana gadi, wancan an ɗauke shi bai dawo ba.

Rabi tana jin mu daga zaure. Ta leƙo ta ce akwai wani ɗan gora da Inna ta cika da irin da hannunta, ta toshe bakin da toka, shi ne ita Rabi ta ɗauko a ƙugunta ranar da suka baro ƙauye. Na ce yana ina. Ta dubi mijinta, ta ce makon farko da suka sauka a nan ba su da komai, yara suna kuka, ta fasa shi ta dama masu kunu.

Yaya ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse har ta zauna. Ya gwada ta a hannu, ya jingine ta a bango.

"Yanzu suke so?" ya ce.

Na ce yanzu suke so.

"To ka gaya mata mun cinye."

Da na dawo gida na kira ta, na gaya mata da kalmominsa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce abin takaici ne ƙwarai, ta tambaye ni ko manomin da ya ba da samfurin farko yana nan da rai, don suna so su sa sunansa a wajen godiya a sabuwar takardar. Na ce yana nan. Ta ce in rubuto mata yadda ake rubuta sunan daidai. Na rubuta mata.